Sawun Haske a Cikin Batir: Aikin da ke Jiran Manazarcin Hausa

A kwanakin baya wani abokin karatuna daga sashen kimiyyar sinadarai ya roƙe ni in mayar masa da taƙaitaccen bayanin kundinsa zuwa Hausa. Bincikensa ya shafi yadda ake amfani da haske wajen gano abin da ke faruwa a cikin batir mai ɗaukar caji. Na duba ƙamusoshin da ke hannuna, ban sami kalmar da Turawa ke kira sifektiroskofi ba. Na yi niyyar Hausantar da lafazinta in wuce, sai na lura cewa ni kaina ban san abin da take nufi ba. Daga nan na ɗauki ra'ayin da nake son karewa a wannan maƙala: ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin kimiyya ba za ta yi armashi ba sai manazarcin Hausa ya fahimci aikin da kalmar ke yi kafin ya raɗa mata suna, kuma fagen batir na daga cikin wuraren da ya kamata mu fara.

Asalin ilimin ba shi da wuyar fahimta. Idan aka barbaɗa gishiri a wuta, harshenta yakan koma ruwan ɗorawa. Idan sinadarin litiyam ne, sai ya yi ja wur. A wajejen 1860, Bunsen da Kirchhoff a garin Haidelbag na Jamus suka nuna cewa idan aka warwatsa irin wannan haske kamar yadda bakan gizo ke warwatsa hasken rana, kowane sinadari yana barin layukan da babu mai irin su sai shi. Da wannan dabara suka gano sababbin sinadarai biyu, siziyam da rubidiyam. Bahaushe ya san mai bin sawu, wanda kan dubi ƙasa ya faɗi dabbar da ta wuce da inda ta nufa. Shi ya sa nake ganin "nazarin sawun haske" ya fi dacewa da wannan fage, domin sunan yana ɗauke da bayanin aikin.

Batirin litiyam, wanda ya jawo wa Goodenough da Whittingham da Yoshino kyautar Nobel a 2019, kuma kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, yana aiki ne da kai-kawo. Lokacin caji, ƙwayoyin litiyam sukan bar gefe ɗaya su ratsa ruwan batir su shige tsakanin shimfiɗun girafait, wato sinadarin bakin fensir. Lokacin amfani kuma sai su komo. Duk wannan yana gudana a rufe, ido ba ya gani, don haka masana suka koma ga haske. Dabarar da ɗan Indiya Raman ya gano a 1928 tana haska abu da leza, ta karanci ɗan canjin launin da aka samu a hasken da ya dawo, ta haka a gane ko tsarin girafait ya lalace. Wata dabarar kuma tana amfani da hasken eksire ta karanci fatar abu, zurfin da bai wuce nanomita goma ba.

Wannan ta biyun ta shafe mu kai tsaye. Tun cajin farko, ruwan batir yakan ruɓe kaɗan a kan girafait ya bar wata 'yar yana, kamar wadda kan taru a kan kunu idan ya huce. Yanar tana kare batirin, amma tana cin litiyam, kuma tana ƙara kauri da tafiyar lokaci, musamman a cikin zafi. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa batir ya rage riƙe caji. Mai gidan da ya tara kuɗi ya sayi batirin sola a Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ya ajiye shi a ɗakin kwano marar iska, yana rage masa kwana bai sani ba. Wannan sani yana nan a mujallun Ingilishi. Mai gyaran sola da ke magana da shi kullum da Hausa ba shi da kalmomin da zai isar masa da shi.

Haka abin yake a bakin ramin haƙar ma'adinai. Ana haƙo duwatsun litiyam a jihohi irin su Nasarawa da Kaduna, kuma da yawa daga masu haƙar da Hausa suke ciniki. Farashin dutse ya danganta da yawan litiyam ɗin da ke cikinsa. Na'urar hannu mai eksire da aka saba gwada ƙarafa da ita ba ta iya ganin litiyam saboda rashin nauyinsa. Sai wadda ke ƙona ɗigon dutse da leza ta karanci hasken tartsatsin. Mai haƙar da bai san wannan bambanci ba, duk abin da mai saye ya faɗa masa shi zai karɓa. Rashin sani ya fi dare duhu, a nan kuwa duhun da kuɗi ake biyan sa.

Na san za a ce kimiyya da Ingilishi ake yin ta, kuma jami'o'inmu ba su wadata da na'urorin ba, balle a yi zancen sunayensu. Akwai gaskiya a ciki. Babbar na'urar sinkirotiron, wadda ake bin sawun ƙarafan batir da ita yayin da yake tsakiyar caji, har yau babu ko ɗaya a nahiyar Afirka, alhali an buɗe ɗaya a Jodan a 2017. Sai dai wannan hujja ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Yin bincike yana buƙatar na'ura. Isar da sakamakonsa ga jama'a kuwa harshe yake buƙata, harshen kuma yana hannunmu. Abubakar Imam da Rupert East ba su jira ɗakin gwaji ba kafin su rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana al'amuran halitta da Hausar da ɗan firamare ke ganewa.

Muna da abin koyi ma a cikin gida. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya karɓu ne saboda waɗanda suka tsara kalmomin nahawu da adabi su ne masu koyar da su, sun san abin da suke raɗa wa suna. A fagen kimiyya ba mu da wannan gata, don haka sai mun nemo shi. Shawarata ita ce sassan Hausa su riƙa ba ɗaliban digiri na biyu damar yin kundi a kan kalmomin wani fage guda na kimiyya, tare da mai duba aiki na biyu daga sashen da abin ya shafa. Ɗalibin ya zauna a ɗakin gwaji, ya kuma je kasuwa ya ji yadda masu gyaran waya da sola ke kiran abubuwa, domin sun riga mu da kalmomi irin su "ruwan batir" da "ya kumbura" da "ba ya riƙe caji". Duk kalmar da aka ƙirƙira a gwada ta a bakinsu kafin ta shiga ƙamus.

Abokin nawa ya karɓi "nazarin sawun haske", amma ya ƙi "yana", yana mai cewa abin ya fi kama da tsatsa, tunda daga ruɓewa yake samuwa. Har yanzu ba mu daidaita ba. Irin wannan gardama nake fatan in ga ana yi a tarukanmu na ƙara wa juna sani, masanin sinadarai da masanin harshe a zaune kan teburi ɗaya.