Annoba Ba Ta Tambayar Sashen Da Ka Karanta

'Yan uwa marubuta! Maganata ta wannan mako da jami'o'inmu nake, amma kada ku miƙe ƙafa, domin ƙarshenta kanku za ta sauka.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a jami'a: kowane sashe ya ja katanga ya kulle ƙofa. Ɗalibin likitanci yana kallon mai karanta ilimin zamantakewa a matsayin wanda ya rasa gurbi. Mai karanta tattalin arziki ba ya leƙa ajin tarihi. Darussan GST, waɗanda aka ƙirƙira domin ɗalibi ya san abin da maƙwabcinsa yake karantawa, sun zama kayan hadda daren jarrabawa. Ni ina ganin wannan rabuwa ɓarna ce, kuma ɓarnar da take cin rayuka.

Ku dubi Ebola. Tsakanin 2014 da 2016 ta kama mutum sama da 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe fiye da 11,000. Likitoci sun san ƙwayar cutar tun 1976, sun san gawar mai ita tana yaɗa ta. Sai aka tura ma'aikata cikin fararen kaya su ɗauke gawa a leda, ba wanka, ba sallama da dangi. Mutane suka shiga ɓoye marasa lafiya, suna binne 'yan uwansu da dare. A watan Satumba na 2014, a ƙauyen Womey na Gini, an kashe mutum takwas daga cikin tawagar wayar da kai. Ilimin ƙwayar cuta yana nan cikakke, abin da babu shi ne sanin matsayin mamaci a wajen masu rai. Da aka zauna da masana al'adun al'umma da malaman addini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin jana'iza mai kiyaye lafiya da mutunci, wanda ya ba da damar a yi wa Musulmi taimama a madadin wanka, a sa masa likkafani, dangi su yi masa salla daga ɗan nesa. Wannan mafita ba daga ɗakin gwaje-gwaje ta fito ba.

Mu ma mun ɗanɗana irinta a gida. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mai kallo ta taga ɗaya zai ce jahilci ne, ya rufe littafi. Mai tarihi zai tuna masa gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996. Masanin siyasa zai ce a duba lokacin, shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi ce. Masanin tattalin arziki zai tambaya: yaya uban da ake cajin sa kuɗin maganin zazzaɓi zai ji idan aka biyo shi har gida da ɗigo kyauta? Sai da aka haɗa waɗannan amsoshi, aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin, sannan aka kai ga Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Na san abin da masu kare katanga za su ce: taura biyu ba ta taunuwa, mai leƙa kowane fanni ba ya ƙwarewa a ko ɗaya. Ba wanda ya ce likita ya ajiye wuƙar tiyata ya koma rubuta tarihi. Ka riƙe gidanka da kyau, amma ka san hanyar gidan maƙwabci. Amartya Sen masanin tattalin arziki ne, da tarihi ya nuna a littafinsa na 1981 cewa yunwar Bengal ta 1943 ba rashin hatsi kaɗai ya kawo ta ba, talaka ne ya rasa ƙarfin saye. Michael Watts masanin labarin ƙasa ne, ya zauna a ƙasar Katsina ya danganta yunwar ƙasar Hausa da haraji da noman gyaɗa na zamanin Turawa. Ƙwarewar wanne ta ragu?

Abin da nake kira a yi mai sauƙi ne. A bar ɗalibai daga sassa uku ko huɗu su haɗu a kan matsala guda a kundin kammala digiri, ko ƙafewar Tafkin Chadi ce, ko rikicin manoma da makiyaya, ko ƙaurar matasa ta Agadas, malamai daga sassan su duba aikin tare. A daina ɗaukar GST a matsayin wahalar dole.

Yanzu na zo kanku. Littattafanmu nawa ne suka ɗauki ta'addancin daji ko bara ko shaye-shaye, suka tattara laifin duka a kan "rashin tarbiyya" ko mugun kawu guda? Marubucin da bai san yadda burtali ya zama gona ba, bai san farashin taki ba, bai san wa ke yanke hukunci idan saniya ta ci amfanin gona ba, zai rubuta wa'azi ne kawai ya sa masa sunayen mutane. Kafin ki fara babi na gaba, 'yar uwa, kafin ka ɗauki biro, ɗan uwa, ku ɗauki matsalar labarinku ku tambaye ta sau huɗu: yaushe ta fara, wa ke cin riba da ita, wace doka ta ba ta wuri, me mutanen cikinta suka yi imani da shi. Wanda ya kasa amsa biyu daga ciki, laburare ne ke kiransa, ba maɗaba'a ba.