Dokokin Sakandare: A Karanta Wa Iyaye Kafin Su Sa Hannu

Ya Edita,

Ana roƙon ɗan fili a wannan shafi domin a yi magana kan wata takarda da kusan duk mai ɗa a sakandare ya taɓa sa wa hannu, amma ƙalilan ne suka san abin da ke cikinta.

Takardar dokokin makaranta ce. Ranar da ake kai sababbin ɗalibai ake miƙa ta, haɗe da fom ɗin shiga da rasit ɗin banki. Uba na tsaye a layi, akwatin ƙarfe da katifa da bokiti na jiran sa a bakin get, mai Adaidaita Sahu na ta danna masa oda. Takardar da Turanci take, irin na ofis, wanda ko mai digiri sai ya nutsu kafin ya gane. Malamin da ke karɓa ya nuna masa gurbi da kan biro ya ce, "Alhaji, sa hannu a nan." Wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Daga wannan lokaci an ɗauka ya amince da komai, har da sharuɗɗan da za a iya korar ɗansa a kansu.

Mai wannan wasiƙa ba ya cikin masu ganin dokokin sun yi tsauri. Hana shiga da wayar salula daidai ne, domin ajin da waya ta shiga karatu ya fita. Haka hana makara, da askin banza, da tsallake katanga da dare, da shigo da wuƙa ko ƙwaya. Makarantar da ta tara ɗaruruwan matasa masu tashen balaga ba za ta zauna lafiya ba sai da ƙa'ida mai ƙarfi da malaman da ke tsayawa a kanta. Matsalar tana fitowa ne ranar da aka ƙwace waya aka fasa ta a gaban asambuli, ko aka koro yaro gida da takardar dakatarwa. A ranar uba zai fara jin dokar da ya sa wa hannu tun shekara biyu baya. Sai rai ya ɓaci, a zo makaranta da zafi, a ɗaga wa malami murya a gaban ɗalibansa. Wasu ma har 'yan sanda suke ɗaukowa, ko su turo samarin unguwa su tare malami a hanya. Wannan abin kunya ne da ba shi da uzuri, kuma yaron da ya ga an wulaƙanta malaminsa saboda shi ya yi asarar da ta fi ta waya. Amma da yawa daga cikin irin wannan rigima da ba ta taso ba da an zaunar da iyaye tun farko an yi musu bayani da harshen da suke ji.

Fassara shafi uku ko huɗu zuwa Hausa aikin yini ɗaya ne ga malamin Hausa na makarantar. Inda iyaye suka fi sabawa da ajami, a rubuta da shi. A karanta a taron iyaye da malamai, sashe bayan sashe, a bar mutane su yi tambaya. A kuma tuna da iyaye mata. Uwa ce ke tashin yaro da asuba, ita ke wanke yunifom, ita ke fara lura idan ya dawo da abin da ba ita ta saya masa ba, amma a wurare da dama taron na maza ne zalla. Zama na musamman da mata sau ɗaya a zango, ko saƙon murya ta WhatsApp daga bakin shugaban makaranta, zai kai dokar inda ake aiki da ita kullum.

Akwai kuma dokokin da suka fi na makaranta nauyi, waɗanda ba kasafai ake ambata wa iyaye ba. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun, ga ɗalibin da bai kai shekara 18 ba. Shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da aka kama da hannu a ciki, ɗaurin shekara huɗu ne babu zaɓin tara. A watan Mayun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ƙara da umarnin a hana duk ɗalibin da aka kama da satar jarrabawa rubuta kowace jarrabawar ƙasa har shekara uku, a bi shi da lambarsa ta NIN. Duk da haka, kowace shekara akwai iyayen da ke cire yaro daga makarantarsa a aji shida su kai shi wata da ta yi suna wajen "taimako", su biya kuɗin da kowa ya san na mene ne. Wasunsu sun san laifi ne. Wasu kuwa da gaske suna ganin gata suke yi wa ɗansu, domin ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke jiran sa idan dubu ta cika. Ita ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatu kyauta har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa a fara da gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Uba nawa ne ya san da wannan kafin ya cire 'yarsa a aji biyu?

Inda takardar ta fi yin shiru shi ne batun horo, kuma nan ne ya fi damun mai wannan wasiƙa. Tana lissafa laifuka dalla-dalla, sai ta rufe da cewa za a hukunta mai laifi "yadda ya dace". Wane ne zai hukunta? Da me? Har zuwa ina? Sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa ya ba malamin makaranta damar ladabtar da yaron da aka damƙa masa amana, da sharaɗin kada a yi masa mummunan rauni. Malami aka ambata. Amma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cewa da zarar an kashe fitila, bulala ta koma hannun siniyoyi. Ɗan aji shida mai shekara 17 shi ke sa ɗan aji ɗaya tsallen kwaɗo a tsakar dare, ya sa shi wanki da ɗebo ruwa, ya ƙwace masa gari da ƙuli da madarar da uwarsa ta yi adashe ta saya. Yaron ba ya faɗa, don an riga an gaya masa cewa mai kai ƙara ba namiji ba ne, kuma ya san malamin da zai kai wa ƙarar a cikin gari yake kwana. Haka zai haƙura har ya kai aji shida, shi ma ya rama a kan ɗan wani.

Manya da yawa kan ce ai su ma haka aka yi musu, ga shi sun zama mutane. Waɗanda suka jure ne ke wannan magana. Akwai waɗanda suka gudu daga makaranta ba su sake komawa ba, akwai masu tabon da har yau ba su nuna wa kowa ba. Aikin firifet shi ne ya tsara layi, ya duba shara, ya rubuta sunan mai laifi ya kai wa malami. Ya kamata a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a cikin takardar, a rubuta cewa ɗalibi ba ya dukan ɗalibi ko da wane muƙami yake riƙe da shi, a kuma sa sunan malami ko malamar da ƙaramin yaro zai iya samu a asirce ba tare da an tona shi ba.

Kora ma tana da ƙa'ida. A 1983 an yi tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri, aka kori wasu daga cikinsu. Suka tafi kotu, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, saboda ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba, ga shi kuma wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Shari'ar jami'a ce, amma darasinta ya isa sakandare: a gaya wa yaro abin da ake tuhumarsa da shi, a saurare shi a gaban mahaifinsa, kuma malamin da aka yi wa laifin kada ya zama shi ne alƙali. Batun hijabi a makarantun gwamnatin Legas ya nuna cewa dokar makaranta ba ta fi tsarin mulki ba. Babbar kotun jihar ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a 2016, sai ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabinsu. Sama da shekara takwas kenan ana shari'a kan abin da ya shafi suturar yara.

Sai babban giɓin takardar: duk sharuɗɗanta a kan ɗalibi da mahaifinsa suke, babu layi ɗaya da ya ɗaure makaranta ko gwamnati. Yaron da ya makara da minti goma zai yi noman ciyawa, malamin da bai shiga aji ba mako guda ba wanda zai ji labari. An ce karatu kyauta ne, amma kuɗin tsintsiya da na alli da na gyaran benci ba sa yankewa, galibi babu rasit. A 2016 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙayyade kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a kwalejojin tarayya kada ya wuce Naira 5,000 a zango, ta kuma hana karɓar kuɗin gine-gine da sunan ƙungiyar. Hakan ya nuna ana iya sa iyaka a rubuce idan an so. An sha ganin hukumar NECO ta riƙe sakamakon ɗaliban wasu jihohi saboda gwamnatocinsu ba su biya kuɗin da suka ɗauki alkawari ba, yara suka rasa gurbin jami'a kan bashin da ba su suka ci ba. Ranar 28 ga Mayun 2025 ɗalibai a jihohi da dama sun rubuta Turancin WAEC cikin dare da tocila da fitilar waya, iyaye na tsaye a waje cikin duhu suna jira. Hukumar ta ba da haƙuri daga baya, ta ce ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin.

Batun tsaro ya fi duk waɗannan ciwo. Uban da aka sa ya yi alkawarin ɗansa ba zai fita daga makaranta ba tare da izini ba yana da haƙƙin a yi masa alkawarin wani ba zai shigo ya ɗauke shi ba. A daren 11 ga Disamban 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe. Bayan waɗannan, duk makarantar kwana ya kamata ta iya gaya wa iyaye a rubuce ko katangarta a rufe take, masu gadi nawa ne, malamai nawa ke kwana a ciki, da lambar da za a kira idan wani abu ya faru da dare.

Su ma masu tsara manufofi a Abuja su ji tausayin iyaye. A 2024 Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, ya kuma ce haka za a yi da jarrabawar kammala sakandare. Gidaje suka rikice, musamman masu yara 'yan shekara 16 da ke aji shida. Kafin shekarar ta ƙare an sauya minista, sabon ya mayar da shekarun shiga jami'a 16. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da ta shafi shekarun yaro ya kamata ta fara da waɗanda ke shiga aji ɗaya, don kowa ya san hanyar da ya hau.

Roƙon mai wannan wasiƙa ga kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa shi ne su fitar da takarda guda ga dukkan sakandarensu, ta gwamnati da ta kuɗi, da Hausa da Turanci da duk harshen da iyayen yankin ke ji. Kowane laifi a sa horonsa a gefensa, da wanda ke da ikon zartar da shi. A sa shafi na biyu mai ɗauke da abin da makaranta ta ɗauka a kanta, shugaban makaranta ya sa hannu kamar yadda uba ya sa. A ba iyaye ita mako biyu kafin a koma, su tafi da ita gida a karanta a gaban yaron da uwarsa. A ƙarshenta kuma a rubuta ofishin shiyya da uba zai kai kuka idan yana ganin an zalunci ɗansa, da adadin kwanakin da za a ba shi amsa a cikinsu.

Wassalam.

Daga wani mahaifi, Zariya