Sonnenberg: Ikilisiyar da Tsanani Ya Haɗa, Yalwa Ta Gwada

Sharhinmu na yau zai kai mu wani ƙauye mai suna Kidron, a gundumar Wayne ta jihar Ohayo a ƙasar Amurka. Ƙauye ne na manoma da masu kiwon shanun madara, inda har gobe mota ke rage gudu don keken doki ya wuce. A kewayensa akwai majami'u uku na ɗariƙar Mennonite: Sonnenberg, da Salem, da Kidron. Tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce. Sunayen iyalan da suka kafa su kuwa kusan iri ɗaya ne, su Lehman, su Sommer, su Amstutz, su Gerber. Dukansu jikokin mutanen Suwizalan ne, kuma a da a ɗaki ɗaya suke sujada. To me ya raba su? Amsar tana buƙatar mu koma baya da shekara 500.

A daren 21 ga Janairun 1525, wasu samari a birnin Zurik na Suwizalan, waɗanda a da almajiran mai wa'azi Huldrych Zwingli ne, suka taru a gidan su Felix Manz. A nan Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa saura. Hujjarsu ita ce baftisma ta wanda ya yi hankali ce, ya ji, ya yarda da bakinsa. Jariri bai san abin da ake yi masa ba. Suka ƙara da cewa mai bin Almasihu ba ya rantsuwa, ba ya kuma ɗaukar takobi.

A kunnenmu na yau wannan gardamar malamai ce kawai. A wancan zamani kuwa tawaye ne. Littafin baftismar jarirai shi ne rajistar 'yan ƙasa. Rantsuwar mubaya'a ita ce ke ɗaure talaka da hukuma. Kowane magidanci kuma sojan ko-ta-kwana ne. Wanda ya ƙi ukun nan, a idon mahukunta, ya zare kansa daga ƙasa ke nan. Ranar 5 ga Janairun 1527 aka ɗaure hannuwan Felix Manz, aka zura su a gwiwoyinsa, aka sa sanda ta tokare, aka tura shi daga kwalekwale cikin kogin Limmat. Masu hukuncin nan ba baƙi ba ne, 'yan'uwansa Furotesta ne.

A yankin Bern tsanantawar ta fi daɗewa. A kwarin Emmental, inda aƙidar ta kama manoma sosai, hukuma ta ɗauki mafarauta na musamman da ake biya lada kan kowane mutum da suka kamo. Aka kafa hukuma sukutum don wannan aiki. An kulle wasu a kurkukun fadar Trachselwald, an ƙwace gonaki, an tura wasu tuƙin jiragen ruwan yaƙi a Bahar Rum. A 1571 aka fille kan dattijo Hans Haslibacher a Bern. Auren da fastocinsu suka ɗaura ba a lissafa shi aure, don haka 'ya'yan da aka haifa a ciki suna iya rasa gado. Su kansu ba su tsira daga saɓani ba, domin a 1693 ne magoya bayan Jakob Ammann suka ware, su ne Amish na yau. Mutanen da muke magana a kansu suna ɓangaren da bai bi shi ba, wato Mennonite.

Da zama ya gagara, iyalai da dama suka haura tsaunukan Jura, ƙasar da ke ƙarƙashin Bishof na Basel, wanda basarake ne kuma ɗan Katolika. Shi ne ya bar su suka zauna, ba don yana son aƙidarsu ba, sai don ƙwararrun manoma ne masu biyan haya a kan lokaci. Aka bar musu gonakin can saman tudu, masu duwatsu da sanyi, waɗanda 'yan ƙasa ba sa rububi a kansu. Suka zuba taki, suka yi kiwo, suka yi cuku, suka yi saƙa a lokacin hunturu. Maƙwabtansu na magana da Faransanci, su kuma suka riƙe Jamusancinsu na Bern. Sujada a cikin gidaje ake yi, wani lokaci a kogo ko a ƙarƙashin wata gada a cikin kwazazzabo. Ɗaya daga cikin tsaunukan da suka zauna shi ne Sonnenberg.

Abubuwa biyu suka tashe su daga nan. A 1815, bayan faɗuwar Napoleon, taron Biyana ya miƙa yawancin Jura ga Bern, wato gwamnatin da kakanninsu suka guje wa. A shekarar nan kuma dutsen Tambora da ke Indunusiya ya yi aman wuta, tokarsa ta rage hasken rana a duniya. Turai ba ta ga bazarar kirki ba a 1816, amfanin gona ya lalace, yunwa ta biyo baya a 1817. Ɗan haya mai 'ya'ya da yawa a kan tudun duwatsu ba shi da abin da zai bar musu. Ana cikin haka wasiƙar wani ɗan'uwansu, Benedict Schrag, wanda ya riga su zuwa Ohayo, ta zo da labarin ƙasa mai arha da kuma hukumar da ba ruwanta da yadda mutum ke baftisma.

A 1819 rukunin farko ya iso: Peter Lehman, Ulrich Lehman, Isaac Sommer da David Kirchhofer, tare da iyalai. Suka sayi fili daga gwamnatin Amurka a zamanin Shugaba James Monroe, suka sare kurmi, suka yi ɗakunan gungume, suka raɗa wa wurin sunan tsaunin da suka baro. A nan akwai wata gaskiya da bai kamata a tsallake ba. Filin nan bai zama na sayarwa ba sai da yaƙi da yarjejeniyoyi suka raba 'yan asalin ƙasar, irin su Lenape da Wyandot, da shi 'yan shekaru kafin nan. Waɗanda aka kora daga gonakinsu a Turai sun sami mafaka a ƙasar da aka kori wasu.

A 1821 Bishof Hans Lehman ya iso da ƙarin iyalai, ikilisiya ta tsaya da ƙafafunta. Sun ci gaba da sujada gida-gida kamar yadda suka saba, sai a 1834 suka gina majami'ar farko da gungume. An sake gini a 1861, aka kuma sake a 1907, domin jama'a na ta ƙaruwa. Daga gundumar Wayne wasu suka ƙara gaba, suka taimaka wajen kafa matsugunan 'yan Suwizalan a yammacin Ohayo da jihar Indiyana.

Bari mu leƙa cikin majami'ar ranar zaɓen mai wa'azi, domin a nan ake gane irin mutanen. Bisa al'adar Mennonite na wancan zamani, babu makarantar fastoci, babu albashi, babu neman kujera. Mambobi kan faɗa wa shugabanni sunan wanda suke gani ya dace. Waɗanda aka ambata su zauna a bencin gaba. A jera littattafai a kan tebur daidai yawansu, a cikin ɗaya an ɓoye 'yar takarda. Kowa ya tashi ya ɗauki guda. Bishof ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, ɗaki ya yi tsit. Wanda takardar ta fito a nasa, shi ke nan, nauyi ya hau kansa har mutuwa. Mutumin da jiya yake tatsar shanu, Lahadi mai zuwa shi ne zai tsaya gaban jama'a, washegari kuma ya koma gona. Sun ɗauki ƙuri'ar nan zaɓin Allah, kuma tana toshe ƙofar takara da fahariya.

Shekaru da dama Sonnenberg ta zauna ita kaɗai. Ba ta shiga wata babbar ƙungiyar ikilisiyoyi ba. A gida ana Jamusancin Bern, a majami'a ana Jamusancin littafi, aure kuma yawanci a cikin dangi. Lokacin yaƙin basasar Amurka, dokar 1863 ta ba wanda aka kira soja damar biyan dala 300 a madadin zuwa fagen daga, Mennonite da yawa suka bi wannan hanya.

Sai dai fa akwai abin da ya canza, ko da ba a lura da wuri ba. A Suwizalan hukuma ce ta gina katangar da ta raba su da duniya. Ba sai sun yi shawarar tsayinta ba. A Ohayo babu mai korar kowa. Idan ana son katanga, su ne za su gina da hannunsu, su ne kuma za su yi gardamar inda za ta tsaya. Yaro na zuwa makarantar gwamnati yana dawowa da Turanci. Jirgin ƙasa ya kawo kasuwa kusa. Maƙwabta na da makarantar Lahadi, da taron addu'a, da aikin mishan. A garin Wadsworth, wanda ba shi da nisa, wasu Mennonite masu sassaucin ra'ayi sun buɗe makarantar horar da ma'aikatan ikilisiya a 1868, tasirinta kuma ya iso ƙauye.

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1886 wasu 'yan ƙalilan suka fice suka kafa ikilisiyar Salem, suna son makarantar Lahadi da wa'azin bishara da haɗa kai da sauran ikilisiyoyi. Dattawan da suka ƙi ba wai ba sa son a koyar da yara ba ne. Tsoronsu shi ne tarbiyya ta bar hannun iyaye ta koma hannun wani tsari da aka aro daga waje, daga nan kuma sauran abubuwa su bi.

Batun harshe kuwa duniya ce ta yanke hukunci. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, mai magana da Jamusanci ya zama abin zargi, balle wanda ya ƙi ɗaukar bindiga. A 1919 jihar Ohayo ta yi dokar hana koyar da Jamusanci a ƙananan azuzuwa. Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki a 1923, amma aikin gama ya gama. Matasa na zaune a benci suna jin wa'azin da rabinsa ke wuce su. A 1936 aka yi babbar ɓaraka, kaso mai yawa na mambobi ya fice ya kafa ikilisiyar Kidron, bayan doguwar taƙaddama kan tsaurin horon ikilisiya da dangantaka da sauran Mennonite. Wa da ƙane suka riƙa rabuwa a mararraba ranar Lahadi. Ita kanta Sonnenberg daga baya ta koma Turanci, a shekarun 1950 kuma ta shiga babbar ƙungiya, wato ta yi abin da ta daɗe tana gudu.

Masu sauraro, a nan ne ra'ayin wannan sharhi yake. Da sauƙi mutum ya ce masu ficewa ne suka yi gaskiya tunda kowa ya bi sawunsu. Amma dattawan ma ba su yi ƙarya ba: abin da suka ce zai ɓace ya ɓace. Jamusancin Bern ya kusa ƙarewa a bakin jikoki. Fasto mai takardar shaida da albashi ya gaji manomin da ƙuri'a ta faɗa wa. Kuskuren da aka yi shi ne an zuba komai a ma'auni ɗaya. Harshe, da ɗinkin riga, da lokacin karatun yara, an kare su da irin zafin da aka kare abin da Felix Manz ya mutu a kansa, alhali ba nauyinsu ɗaya ba.

Abin da ya yi saura shi ne abin da aka riƙa aikatawa. A Yaƙin Duniya na Biyu, samari kusan 12,000 a Amurka da lamirinsu ya hana su yaƙi sun yi aikin farar hula ba albashi, a asibitocin masu taɓin hankali, da kashe gobarar daji, da gyaran ƙasar noma, kuma Mennonite ne suka fi kowace ɗariƙa yawa a cikinsu. Har yanzu Mennonite na Ohayo na haɗuwa duk shekara a gwanjon agaji, mata su kawo bargunan da suka ɗinka da hannu, kuɗin ya tafi ga hukumarsu ta agaji da aka kafa a 1920. Wannan aƙida ta baftismar manya da ƙin ɗaukar makami ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, daga dangin wannan tsatso ta fito.

Can Suwizalan ma tarihi ya juya. A 2004 Ikilisiyar Furotesta ta Zurik ta nemi gafara, aka kafa allon tunawa a bakin kogin Limmat. A 2017 wani wakilin gwamnatin Bern ya nemi gafarar zuriyar waɗanda aka tsananta wa. A Kidron kuwa an ɗauke tsohuwar majami'ar 1907 an kai ta wani filin adana kayan tarihi, inda jikokin ɓangarorin uku ke kai 'ya'yansu su gani.

Duk al'ummar addini da ta yi hijira, ko ta fita daga ƙunci ta shiga yalwa, wannan tambaya na jiranta: a cikin kayan da kakanni suka ɗauko, wanne ne amana, wanne ne guzurin hanya? Idan dattawa ba su zauna da matasa sun tantance da wuri ba, lokaci zai tantance musu, kuma shi ba ya shawara da kowa. Mutanen Sonnenberg sun biya kuɗin wannan darasi da rabuwa har sau biyu cikin shekara 50. Wanda ya ji labarinsu ba lallai ne ya sake biya ba.