A Auna Kafin A Zuba

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, a tsakiyar manhajar kuma akwai zuciyarta, wadda masana ke kira kanel. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, ita kaɗai za ta tsaya. Idan kuwa kanel ne ya yi, na'ura dungurungum tana iya tsayawa.

Mu ɗauki Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. A 2008 aka sa masa ftrace, wani sashe mai bin sawun abin da ke gudana a ciki, domin injiniyoyi su gano inda cuta take. Wannan sashe yakan kwafi sunaye ba dare ba rana. An ware wa sunan kowane aiki gurbi 16 kacal: 15 na haruffa, ɗaya na sifilin da ke nuna ƙarshen suna, kamar yadda harshen C ya tanada.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsohon umarnin kwafi, strcpy, ba ya duba girman mazubi. A ba shi haruffa 40, sai ya zuba su duka, ragowar ta malala ta ɓata bayanan da ke maƙwabtaka. Ɗan'uwansa strncpy yana tsayawa a iyaka, amma idan gurbi ya cika ba ya sa sifilin ƙarshe, sai mai karatu ya zarce gonar wani. Irin wannan malala na cikin ƙofofin da tsutsar Morris ta bi ta addabi kwamfutocin Amurka a 1988. Shi ya sa a 2015 Linux ya kawo strscpy, wanda ke tsayawa a iyaka, ya sa sifili, ya kuma ba da labari idan ya datse suna.

Wasu na ganin sauya tsofaffin layukan da ba su taɓa kawo matsala ba ɓata lokaci ne, har ma garin gyaran gira a rasa ido. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, domin sauyin ganganci na iya haifar da sabon kuskure. Amma mu a ganinmu maganin wannan shi ne gwaji. Tun 2020 Linux yana da KUnit, inda ake jarraba kowane ɗan sashe shi kaɗai. A ba shi suna marar harafi ko ɗaya, a ba shi mai 15 cif, a ba shi mai 16, a ga abin da zai yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai bin sawu kuwa shi ya fi cancantar wannan bincike, tun da ga shaidarsa ake dogara ranar da abu ya lalace.

Saboda haka, 'yan ajin kwamfuta, kada mu wadatu da cewa "ai ya yi aiki". Duk layin da muka rubuta, mu tambayi kanmu girman mazubin, mu jarraba shi da abin da ya fi ƙarfinsa tun kafin ya je hannun jama'a. Rigakafi ya fi magani.