WARANTIN KAMU: A INA TALAKA ZAI TAMBAYA?

Duk wanda ya san ƙasar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Tsanyawa, Kunchi da Dambatta, ya san cewa gona a nan tana manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, kuma taki da gumin magidanci ne ke riƙe da ita kowace shekara. Da an gama girbi, maza da yawa kan tafi cin rani Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, ba sa komowa sai hadari ya fara haɗuwa. Wannan tafiya da dawowa ita ce ta sa muka ga ya dace mu tattauna wani al'amari da ba a cika tabo shi a majami'unmu ba, wato yadda mutum zai san ko kotu ta ba da takardar kama shi.

Mu ɗauka wani magidanci sun yi cacar baki da maƙwabcinsa kan iyakar gona, har aka kai ƙara cewa ya yi barazana ko ya lalata shuka. Kotu ta aika sammaci, alhali shi yana Legas yana dako. Wanda ya karɓi takardar a gida bai iya karatu ba, ya soke ta a jikin danga. Ranar zama ta zo bai bayyana ba, sai alƙali ya ba da warantin kamu. Mutumin nan ya dawo da 'yan kuɗin takinsa bai san komai ba, sai ranar kasuwa aka yi awon gaba da shi. In ya yi mako biyu a tsare a farkon damina, to shukar shekarar ta wuce shi, kuma iyalinsa ne za su sha wuyar abin har wata kaka.

Da farko dai, sammaci daban, waranti daban. Sammaci kira ne zuwa kotu a rana kaza. Waranti kuwa umarni ne ga 'yan sanda su kamo mutum. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta ce dole waranti ya kasance a rubuce, da kwanan wata, da sunan wanda ake nema ko siffarsa, da laifin da ake zarginsa, da sa hannun alƙali ko majistare. Jihar Kano ta yi irin tata dokar a 2019, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ta maye gurbin tsohuwar dokar da Arewa ta gada tun 1960. Abubuwa biyu ya kamata mu riƙe. Waranti ba ya tsufa: yana nan da ƙarfinsa har a zartar da shi ko kotu ta soke shi. Kazalika ana iya zartar da shi kowace rana, har ranar Lahadi. Mai zaton cewa in an kwana biyu maganar za ta bi ruwa, yaudarar kansa yake yi.

To, a ina mutum zai duba? A ƙasar Amurka, ofisoshin 'yan sandan gundumomi da yawa kan sa sunayen masu waranti a intanet, kowa ya duba. A nan gida, hukumar EFCC da rundunar 'yan sanda kan buga hotunan waɗanda suke nema ruwa a jallo, amma wannan na manyan laifuffuka ne, bai shafi rigimar gona ko ta akuya ba. Dokar 2015 ta tanadi babbar ma'ajiyar bayanan laifuffuka a hannun 'yan sanda, sai dai kundin hukuma ne, ba allon da talaka zai tsaya ya karanta ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Amma ita kanta ta ba hukuma damar hana bayanin da zai ɓata bincike. Abin da ya rage wa manomi shi ne ofishin magatakardan kotun da aka kai ƙarar, kuma tsoro ne ke hana shi zuwa, domin yana ganin kai kansa zai yi.

A cikin wannan duhu ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Wani ya zo ya ce, "An fitar da takardar kama ɗanka, kawo kaza in kashe maganar." Tsoho ya sayar da ɗan akuya ko ya jinginar da gayauna saboda takardar da bai taɓa gani ba, wataƙila ma babu ita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shin mafita ita ce a lissafa sunaye a manna a bango? Mun auna wannan, mun ga yana da haɗari. A ƙauyukanmu Musa Audu ko Bala Garba sun fi a ƙirga, ga shi mutane da yawa ba su da takardar haihuwa da za ta bambanta su. Waranti kuma ba hukunci ba ne. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake zargi a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Amma a ƙauyen da kowa ya san kowa, sunan da ya hau bango ya ɓaci ke nan, ko da an wanke mai shi daga baya: auren 'yarsa na iya mutuwa, aron gona na iya gagararsa. Mu da muke 'yan tsiraru a yawancin waɗannan garuruwa mun san nauyin ɓacin suna, kuma ba ma fatansa ga maƙwabtanmu Musulmi.

Abin da muke roƙon ma'aikatar shari'a ta Jihar Kano shi ne hanya ta tsakiya. A ba kowane mutum, ko lauyansa, ko ɗan'uwan da ya wakilta, damar tambayar magatakarda a rubuce ko akwai sammaci ko waranti a kansa, a ba shi amsa a rubuce, kyauta. Wanda ya kawo kansa a sa masa rana gaban alƙali, a duba belinsa, maimakon a tura shi Kurmawa ko Goron Dutse, tun da kusan kashi 2 cikin 3 na mazauna gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. A riƙa rubuta lambar wayar wanda ake ƙara, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci in an kawo sammaci. In an soke waranti, a aika wa caji ofis nan take, don kada a kama mutum kan maganar da ta mutu.

Kafin hakan ta samu, akwai haƙƙoƙin da doka ta riga ta ba mu. Wanda aka kama da waranti yana da ikon ya ce a nuna masa takardar. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Beli a caji ofis kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Dukansu suna da ofis a Kano.

'Yan'uwa, neman haƙƙi ba rashin biyayya ba ne. Manzo Bulus da ya koya wa Romawa yin biyayya ga mahukunta, shi ne a Filibi ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye bayan an yi masa bulala ba tare da shari'a ba, sai da mahukuntan suka zo da kansu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 16 ta nuna. A sura 25 kuma, Gwamna Festas da kansa ya ga bai dace a aika ɗan sarƙa ba tare da bayyana laifinsa ba.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya su zaɓi mutum biyu ko uku masu karatu a kowace majami'a, waɗanda za a riƙa kai wa duk takardar kotu su karanta, su rubuta sunan kotun da lambar ƙara da ranar zama, su buga wa mai ita waya ko yana ina. Mai tafiya cin rani da ya san yana da magana a kotu, ya je ya shaida wa alƙali kafin ya hau mota. Wanda aka ce ana nemansa, dattijo da lauya su raka shi kotu da rana tsaka. Kada majami'a ta ɓoye wanda doka ke nema, kada kuma ta bar shi ya tafi shi kaɗai. Ubangiji ya ba mahukuntanmu zuciyar adalci, ya ba mu damina mai albarka. Amin.