SHARHI: Jarin Sana'ar Kwalliya a Maiduguri Ya Wuce Kuɗin Akwati

A 'yan shekarun nan da wuya a shiga wata unguwa a birnin Maiduguri, daga Gwange zuwa Bulumkutu, ba a ji labarin wata budurwa ko matar aure da ta rungumi sana'ar yi wa mata kwalliya ba. Iyaye da mazaje da 'yan uwa su ne kan ba da jarin, kuma akasarinsu tambaya ɗaya suke yi kafin su buɗe bakin aljihu, wato nawa ne kuɗin akwatin kayan aiki. A ra'ayinmu wannan tambaya ita ce mafarin asarar da ake tafkawa, domin kuwa akwatin hoda da jan baki da jagira shi ne ɓangaren da ido ke gani, alhali abin da ke cinye jarin yana can inda ba a lissafa ba.

Bari mu fara da akwatin kansa. Kusan duk abin da ke cikinsa, daga fandeshin da gashin ido zuwa buroshi, daga ƙasashen waje ake shigo da shi, musamman Sin da Amurka da Dubai, ya sauka a Ikko ko Kano kafin ya iso Kasuwar Monday. Ko kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara ba su tsira daga tasirin canjin kuɗi ba. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ana canza Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Ma'ana, kwalbar da kuɗinta Dala 20 ne, wadda a da ba ta kai Naira dubu 10 ba, ta koma Naira dubu 30 tun kafin a ɗora mata kuɗin mota da ribar dillali. Ita kuwa mai kwalliya ba ta da ikon ninka ladanta sau uku, saboda masu zuwa wurinta ma'aikata ne da matan 'yan kasuwa waɗanda su ma tsadar abinci ta sha musu kai. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira dubu 70 ne, kuma daga irin wannan aljihu ne ake biyanta.

Har ila yau, akwati ba gona ba ne da za a saya sau ɗaya a huta. Launin fatar mata ya bambanta, don haka dole a ajiye fandeshin kala-kala, wani ya ƙare cikin wata guda, wani kuma ya zauna har wa'adinsa ya wuce. Ga kuma zafin Borno, wanda a watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Jan baki na narkewa, mai na rabuwa da ruwa a cikin kwalba, gam ɗin gashin ido na bushewa. Wanda ya yi lissafin jari da ma'aunin Jos ko Kaduna ya yi kuskure tun daga tushe.

Wannan ya kawo mu kan batun wuta, wanda shi ne babban dalilin da ya sa muke ganin kama shago tun ranar farko ganganci ne. Mutanen Maiduguri ba su manta da 2021 ba, shekarar da 'yan ta da ƙayar baya suka karya turakun lantarki a kan hanyar Damaturu, birnin ya shafe watanni cikin duhu. An buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a watan Maris na 2023, kuma ta kawo sauƙi, amma babu mai shagon kwalliya da za ta dogara da wutar gwamnati kaɗai. Amarya ba za ta zauna cikin gumi ana shafa mata hoda ba. Ke nan sai janareta ko sola, sai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, sai fitilar ɗaukar hoto. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, farashin da kamfanin NNPC ya sanya wa Maiduguri, wato Naira 557 kowace lita, shi ne mafi tsada a jerin da ya fitar, kuma daga baya ya ci gaba da hawa. A haɗa da kuɗin hayar shekara da masu gidaje ke karɓa gaba ɗaya, da ladan dillali, da madubai da kujeru, sai a tarar jarin ya ƙare a jikin bango kafin a taɓa fuskar mutum ɗaya.

Kuma bango ba ya gudu idan masifa ta zo. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairun 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumban 2024, sun nuna wa 'yan kasuwar birnin abin da ake nufi da tara dukiya wuri guda ba tare da inshora ba. Mai aiki daga gida, wadda kan ɗauki jakarta ta hau Keke Napep zuwa gidan biki, kuɗin motar kawai za ta ƙara a kan ladanta.

To, ina ya kamata kuɗin ya tafi? Amsarmu ita ce wurin koyo, da kuma wurin abin da Borno ta riga ta yi suna a kansa. Tun kafin a san hodar Turawa, matan Kanuri da Shuwa Arab ke riƙe da kambun gyaran amarya a Arewa. Dilka da halawa da zanen lalle da humra da turaren wuta sana'o'i ne da ake gado daga uwa zuwa 'ya, har ta kai a Kano da Kaduna da Abuja mai gyaran jiki kan tallata kanta da cewa aikinta irin na Maiduguri ne. Wannan suna jari ne da babu wanda ya biya kuɗinsa. Bugu da ƙari, halawa sukari ce da lemon tsami da ruwa, lalle ganye ne da ake nomawa a ƙasar nan, kurkur da kanumfari kuwa suna nan a kasuwa ana auna su da gwargwadon ƙarfin mai saye. Gaskiya ne itacen sandal da wasu turarukan humra na waje ne, kuma abin da ke shigowa ta Gamborun Ngala daga Chadi da Kamaru da kuɗin Sefa ake cinikinsa, wanda shi ma ya yi wa Naira nisa. Duk da haka, ana iya fara wannan ɓangare da ɗan abin da adashi ya tara, a juya shi, ribarsa ta riƙa sayen kayan akwatin kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma hikimar ciniki a ciki. Kwalliyar fuska aikin sa'a ɗaya ko biyu ne a ranar biki. Gyaran jiki kuwa kwanaki ake yi ana zuwa, kuma bikin Barebari, da ranar lallensa da daren wushe-wushe da sauran al'adu, yana buƙatar hannu fiye da sau ɗaya. Wadda ta iya duka biyun ita ce ke riƙe amarya da ƙawayenta daga farko har ƙarshe. Wannan yana da muhimmanci idan aka tuna cewa sana'ar tana da kaka da rani. Bukukuwa kan yi yawa gab da azumi da bayan Sallah da ƙarshen shekara, a watan Ramadan kuwa kasuwar kwalliya kan kwanta sai a kwanakin ƙarshe da mata ke layin lalle. Turare da humra su ne ake sayarwa kowane wata, har a aika wa masu saye a wasu jihohi.

Wasu za su ce zamani ya canza, 'yan matan yanzu abin da suka gani a Instagram da TikTok suke so, kuma wadda ba ta da shago mai ƙyalli ba za a ɗauke ta da daraja ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa waya mai kyakkyawar kyamara da kuɗin data suka shiga sahun kayan aiki, ba kayan alatu ba. Amma abin da ake gani a hoton fuskar amarya ce, ba rufin shago ba.

Wurin da ba mu yarda a yi tsimi ba shi ne ingancin kaya. Kasuwanninmu cike suke da jabun kayan shafa masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, kuma sabuwar shiga, da ta ga jarinta ya gaza, nan take fara karkata. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai irin su makuri, haka kuma likitocin fata sun tabbatar cewa baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi mai sinadarin PPD yana iya ƙona fata ya bar tabo. A gari irin Maiduguri, inda dangi suka sarƙe da juna, amarya ɗaya da fuskarta ta kumbura ranar ɗaurin aure ta isa ta rufe sana'ar mutum. Wanke buroshi tsakanin fuska da fuska, da gwada sabon haɗi a ɗan gefen hannu kwana ɗaya ko biyu kafin biki, abubuwa ne da ake koya a hannun ƙwararriya, kuma kuɗin wannan koyo, da na watannin da za a yi ana aiki ba lada, shi ne layin farko da ya kamata mai ba da jari ya rubuta.

Ga manyan 'yan kasuwarmu kuma, akwai gurbin da ke jiran mai cikewa. Ɗaruruwan masu kwalliya suna sayen kaya ɗaiɗai a farashin kanti, kowacce da tsoron jabu a ranta. Dillalin da zai ƙulla yarjejeniya kai tsaye da kamfanoni masu rajista, ya ajiye kaya a ɗaki mai sanyi, ya kuma riƙa ba ƙungiyoyin masu sana'ar bashin kaya zuwa bayan kakar biki, zai sami kasuwar da ta miƙa daga Maiduguri har Damaturu da Biu da Mubi.