Wa Ya Tsaya wa Mai Jinyar Tsohonmu?



A cikin watannin da suka shige, ƙararraki uku masu kama da juna sun iso zauren Maigirma Sarkin Zango, kuma da yake alƙalamin zauren a hannunmu yake, mu muka rubuta su. Ba za mu ambaci suna ko unguwa ba, domin abin da aka kawo zaure amana ne. Ɗaya daga cikinsu ta isa misali.

Wani dattijo ne da ya ƙare ƙarfinsa a tuƙin babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bayan rasuwar maiɗakinsa. 'Ya'yansa uku suna Turai da Amurka, ɗaya tana aure a Ankara. Suka haɗa kai za su biya wadda za ta zauna da shi. Wani maƙwabci ya ce ya san wata nas. Ta zo da farar riga da na'urar awon jini a jaka, aka yi ciniki, duk ƙarshen wata kuɗi na shigo mata ta Momo. Kowace Juma'a 'ya'yan suna kira ta bidiyo, su ga an sa masa hula an jingina shi da matashin kai, su ce, "Baba, yaya jiki?" ya ce, "Alhamdu lillahi." Haka aka yi wata bakwai. Ranar da ta Ankara ta iso ba sanarwa ta ɗaga mayafinsa, sai ta tarar da gyambon kwanciya a ƙugunsa har ya fara wari, maganin hawan jini kuwa ya ƙare tun makonni, alhali an karɓi kuɗinsa. Da aka bi diddigi, matar ba ta taɓa shiga makarantar jinya ba. Ta taɓa zaman kanti ne a wani shagon magani.

Sarki ya saurara har aka gama, sa'an nan ya yi tambaya guda: "Wa ya tsaya mata?" Zaure ya yi tsit. Can maƙwabcin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma wani ne ya ba ni lambarta."

Amma abin da ya hana mu barci shi ne amsar dattijon da aka tambaye shi dalilin shirunsa. Ya ce yaran suna can cikin sanyi suna wahala domin shi, ba ya son ya ƙara musu nauyi. Kuma ita ce mai miƙa masa ruwa da tsakar dare, in ya kai ƙararta aka yi mata faɗa, da wa zai kwana?

Duk wanda ya fahimci wannan amsa ya fahimci inda jinyar gida ta bambanta da ta asibiti. A asibiti akwai idanu: likita zai zagayo, wata nas za ta karɓi aiki daga wata, majinyacin gadon kusa yana gani. A ɗakin tsoho kuwa ƙofa a rufe take, mutum biyu ne kawai, ɗaya mai ƙarfi ɗaya ba ya iya juya kansa. Sa'an nan mu Hausawa mun ƙara da namu: kunya, da kawaici, da son rufin asiri. Halaye ne masu kyau da muka gada, amma a irin wannan ɗaki su ne suke zama bargon da zalunci ke ɓuya a ƙarƙashinsa.

A da ba mu bukaci takarda ba, saboda gida cike yake. Akwai surukai, akwai jikoki, akwai almajiran da ke kwana a zaure, kuma duk wanda ya shigo unguwa an san daga tsatson da ya fito. Wannan zamani ya tafi, kuma kuka ba zai dawo da shi ba. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 dubu 200 ne da 'yan kai. Tsofaffi sun yawaita, masu zama da su sun watsu neman abinci. Jinyar haya ta riga ta shigo Aboabo da Asawase da Nima da Sabon Zango, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu san wa muke sakar wa iyayenmu.

A nan ne maganar tantancewa ta shigo, wato wata hukuma wadda ba ta cin riba daga cinikin ta binciki mai aikin ko kamfanin da ya turo shi, ta auna su da ƙa'idoji rubutattu, ta ba su shaida, ta kuma riƙa komawa tana dubawa, da ikon ƙwace shaidar in sun kauce. Mun ji wasu daga cikin manyanmu suna cewa wannan tsarin Nasara ne, tushensa rashin yarda, mu kuwa da amana muke mu'amala. Da ladabi muke cewa ba haka ba ne. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin shaida a fiƙihun Malikiyya ya san alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai an yi masa tazkiya, adilai sun tabbatar da adalcinsa. Malamai har sun kasa ta biyu: ta bayyane, da ta sirri, inda alƙali zai aika amintaccensa ya bincika halin mutum a unguwarsu ba da saninsa ba. In don bashin 'yan kuɗi kaɗan shari'a ta nemi haka, ina ga wanda za a damƙa wa jikin mahaifi da tsiraicinsa da maganinsa? Haka nan ba mu ɗaukar karatu daga wanda bai iya faɗin malaminsa ba. Ijaza ita ma takardar shaida ce. Kakanninmu fataken goro da suka sauka Salaga ba su sayar wa baƙo bashi don fuskarsa ta yi musu kyau. Sai maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa, in ya gudu shi za a kama.

Ta fuskar magani ma Musulmi sun daɗe da sanin wannan tsari. A shekarar 319 ta Hijira, daidai da 931, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya ba da umarni kada kowa ya ƙara taɓa marar lafiya sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi izini. Masu tarihi sun ce fiye da mutum 800 aka jarraba. Kuma hukunci sananne ne a wurin malamai cewa wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba, in ya yi ɓarna lamuni yana kansa. To tsarin wa muke gudu?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne 'ya'yanmu da ke waje, domin da yawansu wannan aikin suke ci da shi. 'Yar zango da ke jinyar tsofaffin Turawa a gidajensu a Ingila ta san ba za a ba ta makullin kowa ba sai an binciki ko tana da tarihin laifi, an horar da ita, kuma kamfanin da ya ɗauke ta yana ƙarƙashin hukumar CQC, wadda tun 2009 take yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista, tana bincikensu, tana buga sakamakon kowa ya gani. Tana rubuta kowane ƙwayar magani da ta bayar da lokacinsa. Amma ita ɗin ce za ta aiko da guminta a ba wadda aka samo lambarta a bakin masallaci, ta kula da Mma. Ba muna zarginta ba ne. Nisa ne da rashin wanda zai tsaya mata a nan.

To me muke da shi a ƙasar nan? Ba mu rasa komai ba, sai dai ba mu tambaya. Duk wanda ya kira kansa nas ko mataimakin nas, dole sunansa ya kasance a rajistar Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Gana, wadda ke aiki da doka mai lamba 857 ta 2013. Tana ba cikakken nas lamba da ake kira PIN, mataimaki kuma AIN, kuma lambar sabunta ta ake yi, ba ta har abada ba ce. Da an nemi wannan kati ranar farko, da matar can ba ta kwana a gidan dattijon ba. Akwai kuma HeFRA, hukumar da doka mai lamba 829 ta 2011 ta kafa domin ba cibiyoyin lafiya lasisi da sa musu ido, na gwamnati da masu zaman kansu. Kamfanin da ya ce yana tura ma'aikatan lafiya gidaje, a tambaye shi wace hukuma ta san da zamansa, ya nuna takarda, a kuma kira hukumar a ji daga bakinta. Wanda ya fusata don an tambaye shi takarda ya riga ya ba da amsa.

Sai dai lasisi ƙofar shiga ce kawai. Amfanin tantancewa na gaskiya yana cikin ƙananan abubuwan da take tilasta wa kamfani ya mayar al'ada. Majinyacin da ba ya motsi ana juya shi kamar bayan kowace awa biyu, domin in nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi jini ba ya isa wurin, naman ya mutu; wannan shi ne gyambon da ya ci dattijonmu, kuma wanda aka horar ya san shi tun yana ɗan ja-ja kafin ya fashe. Ana ajiye littafin magani da kowa zai iya buɗewa. Ana da shugaba da zai leƙo ba tare da ya sanar ba, wato tazkiyar sirri ke nan ta dawo da sabuwar riga. Ana hana ma'aikaci riƙe lambar sirrin Momo ta majinyaci ko karɓar kyautar fili da zinariya daga hannun wanda hankalinsa ya fara rauni. Mafi girma duka, ana ba majinyaci da danginsa wata lamba da za su kai kuka wadda ba ta mai jinyar ba ce, tare da alkawarin za a canja masa wani a ranar. Da Baba ya san in ya yi magana ba zai kwana shi kaɗai ba, da ya yi.

Akwai kuma haƙƙin da ba na rauni ko kuɗi ba, wanda mu ya fi yi mana zafi. Takardar haƙƙin majinyaci ta Hukumar Lafiya ta Gana ta tabbatar wa marar lafiya ikon sanin wanda ke kula da shi, da a nemi yardarsa kafin a yi masa wani abu, da a tsare sirrinsa da mutuncinsa. Tsohuwar da ta yi shekara saba'in ba namijin da ya ga gashinta sai mijinta tana da ikon cewa mace take so ta yi mata wanka. Tsoho yana da ikon a taimake shi ya yi alwala ko taimama, a juya shi alƙibla, kada a ba shi abin da bai halatta ba. Ɗaya daga ƙararrakin ukun nan ma a kan hoto ne: mai jinya ta ɗauki wata baiwar Allah a halin da ba ta so a gan ta, ta tura wa 'ya'yanta a WhatsApp don ta nuna tana aiki, hoton ya zaga dangi. Niyyarta ba mugunta ba ce. Ba wanda ya taɓa koya mata cewa wannan ma cin amana ne.

Ba za mu ɓoye raunin maganarmu ba. Kamfani mai takardu yana da tsada, kuma mafi yawan gidajen zango ba za su iya ba. Wadda za su samu ita ce 'yar uwa daga ƙauye ko bazawarar da ke neman na abinci. Kuma takarda ana iya ƙirƙirarta, mai takardar gaskiya ma yana iya zama marar tausayi. Mun ga matan da ba su san bihim ba sun yi jinyar da nas ba za ta yi ba, Allah Ya saka musu. Haka kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mun ga gidajen da suka ɗauki yarinya ɗaya suka ɗora mata jinya da girki da wanki dare da rana, ba hutu, albashi sai an ga dama, sa'an nan su yi mamakin ta gaji ta yi sakaci. Dokar masu aikin gida ta 2020 ta wajabta yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da masu ɗaukarsu, kuma wannan kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Saboda haka muke ganin inda hannun hukuma bai kai ba, namu ya kai. Fadar kowane sarkin zango tana iya buɗe littafi guda: duk mai son aikin jinya a unguwa a rubuta sunanta da lambar katinta na ɗan ƙasa, da mutum biyu sanannu da suka tsaya mata, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ta da laifi a baya. Muna da 'ya'ya nas-nas da suka yi ritaya suna zaune a cikinmu. A roƙe su su koyar da juya majinyaci da wanke hannu da gane alamun haɗari, ko da yini biyu ne a makarantar Islamiyya ranar da yara ba su nan. Magajiya da mata biyu masu hankali su riƙa leƙa irin waɗannan gidaje, su zauna da tsohuwa ita kaɗai, mai jinya tana waje. Wannan ba zai maye gurbin hukuma ba, kuma ba mu da ikon ba kowa izinin yin allura ko sa ruwa. Wannan na mai PIN ne. Amma gobe in Sarki ya tambaya wa ya tsaya mata, za a sami mai miƙewa.

Mun gabatar da wannan shawara a zaure, Maigirma ya ce a kawo ta gaban limamai da shugabannin mata bayan sallar Juma'a mai zuwa. Wanda yake da tsoho a kwance, ko yake aikin jinya a nan ko a waje, muna son jin ta bakinsa kafin ranar. Dattijon kuwa 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Ankara, an ce gyambon ya fara haɗewa. Allah Ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiyarmu baki ɗaya.

Wassalam.